Tambaya da Amsa: Wane ne NNPC da ke bayan littattafan Hausa?

Tambaya: Malam, littattafan Hausa da ake kawo mana Maradi ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, galibi akwai tambarin NNPC Zariya a bayansu. Mene ne asalin wannan kamfani? Kuma me ya sa bugun yanzu ba ya ƙarko kamar na iyayenmu? Daga wani malamin makaranta, unguwar Bagalam.

Amsa: Malam, ba kamfanin man fetur na Najeriya ba ne, harufan ne suka zo ɗaya. Wannan na ɗab'i ne, cikakken sunansa Northern Nigerian Publishing Company, an kafa shi a 1966 da haɗin gwiwar kamfanin Gaskiya da Macmillan na Ingila.

Saiwarsa ta girmi haka nesa. Turawa sun buɗe Hukumar Fassara a 1929, daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East. Ita ta shirya gasar 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, a 1945 aka kafa kamfanin Gaskiya. Hukumar NORLA, wato hukumar adabi ta Jihar Arewa, ta riƙe aikin 'yan shekaru, ta rushe a 1959. Duk wannan tari ne NNPC ya gada, shi ya sa za ka ga Magana Jari Ce da tambarinsa alhali littafin ya girmi kamfanin da kusan shekara 30.

Batun ƙarko kuwa, da yawan abin da ke yawo a kasuwa satar fasaha ce, ba daga Zariya ya fito ba. Kafin ka biya, buɗe tsakiyar littafin ka duba gindinsa: in babu zare ko ƙarfen ɗinki, gam ne zalla, kuma zafin bazarar Maradi zai busar da shi ganyayen su zube. Ɗaga shafi ɗaya ga haske. In rubutun baya ya huda, takardar ba ta da kauri. Zane ya dushe, lanƙwasar ƙ da ɗ ta toshe da tawada? Hoton tsohon bugu aka ɗauka aka sake bugawa. Sannan ka bi lambobin shafi har ƙarshe, domin babbar takarda ɗaya ake naɗewa ta ba da shafi 16, in aka tsallake ta wajen haɗi, dukansu ne za su ɓace a tare.