Amsa ga malamin da ke son kai ɗalibai ganin tsohuwar gadar giginya

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce kana son kai ɗalibanka daga Marwa, a arewacin Kamaru, su ga tsohuwar gadar itace da ke kan mayon (wato rafin) ƙauyen kakanninka, amma wasu na cewa asarar kuɗin mota ce, wai itace ne kawai. Ni dai shawarata ka kai su. Na daɗe ina ɗaukar baƙi a mota zuwa Rumsiki da Waza da gidajen laka na Musgum a Pus, kafin harkar ta ja baya sanadin sace wani iyalin Faransawa a kusa da Waza a 2013, kuma na ga abin da ke tsayar da baƙo a wuri: labarin da ke bakin masu wurin.

Saboda haka kada motarku ta zarce bakin gada. Fara sauka a ƙofar jauro ko lawan, wato mai gari, da ɗan goronka, ka roƙi a haɗa ka da dattijon da ya taɓa sa hannu a gyaranta. Shi zai faɗa wa yara inda aka saro giginyar, da yadda aka yi gayya aka ɗauko ta a kafaɗa. Ka sa ya nuna musu jikin itacen su taɓa. Baƙin ɓangaren nan na waje shi ne mai tauri, gara ba ta cinsa da sauƙi, cikin kuwa laushi gare shi, shi ya sa ake tsaga ta a fitar da azara irin wadda ke riƙe da rufin soro. Magina ma sun fi son namijin giginya, kuma sai ta ɗauki shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Yaron da ya ji wannan ba zai ƙara kallon giginya da raini ba.

Ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, da sanyin safiya. Damina kam a'a. Mayo yana iya cika farat ɗaya da ruwan da aka yi can kan duwatsu alhali a inda kuke ko yayyafi babu. Kafin kowa ya hau, ka duba bakin azarorin inda suka shiga ƙasa, nan ne ruɓa ke farawa. Ƙwanƙwasa da sanda, in ka ji ƙarar holoƙo, ku tsaya daga gefe ku kalla. In lafiya lau take, su haye kaɗan-kaɗan, ban da tsalle, ban da zana suna a jiki, a kuma ba mata masu kaya hanya, don su ce masu gadar. Hoto sai da izini.

Masu cewa itace ne kawai, a Miyanma akwai gadar itace mai suna U Bein da aka gina wajen 1850, tsawonta kusan kilomita 1.2, mutane na zuwa daga ko'ina don ganinta. A can ma an musanya wasu ginshiƙanta da kankare, abin da nake yi wa namu tsoro ke nan. Ba na ƙin gadar siminti, mai naƙuda da damina ita take bukata. Amma a gina ta a gefe, a bar tsohuwar a tsaye.

In za ku bar wani abu, kada a raba wa yaran ƙauyen tsaba. A damƙa wa jauro a gaban jama'a, da sunan kuɗin gyaran gada, ka kuma tambaya ko akwai inda ɗalibanka za su binne ƙwallon giginya kafin ku juyo.