Kafin ki ci bashin obin, ki sayi sikeli

Wata 'yar'uwa ta rubuto daga Kaduna. Tana yin kek irin na Ingila, mai hawa biyu da jam a tsakiya. Odar biki da suna ba ta yankewa, amma wata ya ƙare ba ta ga riba ba. Tana so ta ci bashi ta sayi babban obin, ta kama shago. A ƙasan wasiƙar ta ce da ido take awo, hannunta ya saba.

Hajiya, awon idon nan shi ke cinye miki jari.

Wannan kek sunan Sarauniya Victoria ya ci, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901, kuma da shayin la'asar suke cinsa. Ƙa'idarsa tun asali awo ce. A ɗora ƙwai a sikeli, duk nauyin da ya ba da, haka za a auna bota, haka sukari, haka fulawa. Ƙwai huɗu manya, wajen giram 225 ke nan gaba ɗaya, to bota da sukari da fulawa kowanne giram 225. Ko bekin fauda, wadda Alfred Bird ya haɗa a Birmingham a 1843, ita da ke sa ƙullu mai nauyin bota ya tashi, in ta zarce kek ya kumbura ya rufta a tsakiya.

To lissafa. In hannunki na ƙara giram 25 na bota a kowane kek, duk kek tara kin zubar da botar kek guda, kuma bota ce mafi tsada a kwanon. Ba mu zo kan gas ba, da kwali, da kuɗin mai kai saƙo, da wanda ya ƙone aka ba yara.

Na san wata da ta yi abin da kike shirin yi. Obin ya zo, oda ta ninka, yara biyu suna kwaɓi, kowacce da nata idon. Asara ta ninka tare da odar. Ƙarshenta obin ɗin ta sayar ta biya bashi.

Na gaji da jin "in na samu shago zan yi kuɗi". Wadda ba ta san nawa kek ɗaya ke ci mata ba, da me ta yanka farashi? Da na maƙwabciya?

Ki sayi ƙaramin sikeli da littafi. Wata guda cur, ki auna komai, ki rubuta komai, har ladan hannunki. In kin fitar da kuɗin kek ɗaya, ki sake rubuto mini mu yi maganar obin.