Tan nawa na kwalta zai ishi filin mita 30 da 20?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka kan filin ajiye motoci mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20, wanda kake son a zuba wa kwalta mai kaurin santimita 5. Na daɗe a wannan sana'a, bari in faɗa maka yadda nake yi.

Lissafin takarda ba wuya. 30 sau 20, murabba'in mita 600 ke nan. Kwaltar da rola ta danne ta zauna, kowane santimita ɗaya na kauri yana cin kilo 24 a murabba'in mita guda, ko ƙasa da haka kaɗan, gwargwadon tsakuwar da aka dafa ta da ita. Santimita 5 ya kama kilo 120, sau 600, tan 72. Sai ka ɗora kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari saboda gefuna da wadda ke mannewa a bayan tifa da wadda za ta huce a zubar. Ka tanadi tan 76 zuwa 79.

Ka lura, santimita 5 ɗin nan bayan rola ta wuce ne. Da zafinta sai an shimfiɗa 6 da 'yan kai. Wannan ba ya ƙara yawan tan, amma idan ma'aikata suka shimfiɗa 5 cif, 4 za ka samu.

Inda lissafi ke rushewa shi ne ƙasan da za a zuba a kai. A filinka, idan daɓen tsakuwar da kwalta za ta hau kai ya gaza tudun da ake so da santimita ɗaya tak a ko'ina, tan 14 da ɗoriya sun tafi. Ido ba ya ganin santimita ɗaya, wallahi. Ni a aiki na gane haka. Wani fili ne da na kalla na ga ya kwanta sumul, na yi oda daidai da takarda. La'asar sakaliya tifar ƙarshe ta juye, saura wani yanki a kusurwa babu komai. Washegari muka cike, sabuwar kwalta mai zafi ta haɗu da ta jiya da ta huce, mahaɗar ba ta kama ba. Damina ɗaya ruwa ya samu hanya ta wurin, ta fara darewa. Har yau abin yana damuna, domin mai filin ya amince da ni.

Tun daga nan ba na yin oda sai na kafa turaku, na ja igiya daga gefe zuwa gefe, na riƙa saka ma'auni kowane mita biyu ko uku ina rubutawa. Duk inda na ga kwari, da tsakuwa nake cike shi a danne, don ta fi kwalta araha nesa ba kusa ba.

Ranar aiki ka karɓi takardar sikeli ta kowace tifa, wato wadda ke nuna nauyin kwaltar da ta ɗauko, ka auna filin da ta rufe. A kaurinka, tan 12 ya kamata ya rufe murabba'in mita 100. Idan tifa biyu na farko sun gaza haka, tun da safe ka san kwaltar ba za ta kai ba. Kuma ka yi magana da masu dafawa su dakatar da tifar ƙarshe har sai ka auna abin da ya rage ka kira su. Allah ya ba da sa'a.