Me ya sa dalma take ƙin kama tiyon jan ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon aikin famfo a Tawa. Tiyon jan ƙarfe sabo ne daga shago, na shafa masa dekapan (maganin da ake shafa wa ƙarfe don dalma ta kama), amma dalma ta dunƙule a bakin rakor (mahaɗin da ake zura tiyo a ciki), da muka buɗe ruwa sai yoyo. Dole ne a goge sabon tiyo?

Amsa: Wa alaikumus salam. Dole ne, ɗan'uwa. Dalma ba manne tiyo take yi daga waje ba. Idan ta narke, ɗan siririn gibin da ke tsakanin tiyo da rakor ne yake tsotse ta ciki, kuma gibin nan bai cika wuce kashi 2 cikin 10 na milimita ba. Ba ta bin ƙarfe sai tsirararsa. Shi kuwa jan ƙarfe, da ya sha iska sai ya yi wata fata mai duhu, ga maiƙon masana'anta, ga ƙurar hunturu da ta kwanta masa a shago. Dekapan yana cin ɗan abin da ya saura ne, yana kuma tsare ƙarfen kada ya sake yin duhu a cikin wuta. Ba ya maye gurbin guga.

Fara da yanka. Ka yanke shi daidai da abin yankan tiyo, sannan ka kankare ƙayar ƙarfen da yankan ya lanƙwasa ciki. Masu gaggawa suna tsallake wannan, alhali ƙayar tana sa ruwa ya riƙa juyi a wurin, a hankali ya ci tiyon. Ka karkata bakin ƙasa don garin ƙarfe ya zube.

Sai guga. Takarda mai yashi mai laushi, kamar lamba 120 zuwa 180, ta isa. Ka kewaya bakin tiyon har ya yi sheƙi, ka zarce zurfin rakor da kamar milimita 5. Kada ka sa fayil ko garanda, domin idan tiyon ya rame, gibin ya yi faɗi, dalma ba za ta hau ba. Cikin rakor ma haka, da burushin waya daidai girmansa, na milimita 14 ga rakor 14, na 16 ga 16. A nan ne yawancin yoyo yake farawa, don ido ba ya ganin ciki. Share da busasshen tsumma mai tsabta, kada kuma yatsa ya sake taɓa wurin. Zufar hannu kaɗai tana ɓata shi.

Nan take ka shafa dekapan sama-sama da ɗan burushi, ka zura, ka murza kaɗan. Wanda aka goge da safe aka bari har la'asar, a sake goge shi. Dalmar kuza da jan ƙarfe tana narkewa wajen digiri 230 zuwa 250, saboda haka rakor za ka gasa, zafinsa ya narkar da ita, ba harshen wuta ba. Idan dekapan ya ƙone ya yi baƙi, ka kwance ka sake guga. Tiyon ruwan sha kuma ba a sa masa dalmar da aka gauraya da darma (plomb), ƙarfen nan mai guba.

In tsohon layi ne, tsiyaye ruwan duka. Ɗigo kaɗan yana hana wurin kai zafin da ake so. Bayan ya huce, goge ragowar dekapan da jiƙaƙƙen tsumma, ka saki ruwa ya wanke ciki, in ba haka ba kore zai fito ya fara huda tiyon.