Sony ko Canon? Amsata ga yaron shagona

Ɗana, jiya muna rufe shago ka tambaye ni: kuɗinka sun kusa cika, kana tsakanin kyamarori biyu, Sony A7 IV da Canon R6 Mark II, wacce ta fi kama fuska da kanta, wacce kuma ta fi a bidiyo? Na ce ka bari sai da safe, don ba maganar tsaye ba ce.

Ka tuna bikin da muka ɗauka a Rayfield, lokacin da aka fara liƙi? Amarya na tsakiyar fili, ƙawaye na gilmawa ta gabanka, hannuwa na ta sama da kuɗi. A nan ake gane kyamara. Wadda ba ta da riƙo za ta saki amarya ta kama ɗankwalin wata, sai ka zo tace bidiyo ka tarar da fuskar mai biki dishi-dishi, kuma ba a maimaita biki. Duka biyun nan suna gane ido su bi shi. Sony ta daɗe a wannan, tun A7 III ta 2018 masu ɗaukar biki suka yi ta komawa wajenta, ita kuma A7 IV da ta fito a 2021 tana da ɗigon saiti 759, wato wuraren da take amfani da su wajen kama abu ya fito sarai. Canon tana da nata tsarin, Dual Pixel, tun 70D ta 2013. A hannuna, idan ta sauya daga fuska zuwa fuska tana yi a hankali, ba fizga, abin da ido ke so ke nan a bidiyo. Amma ranar kamu, amarya cikin lulluɓi, babu idon da kowacce za ta gani. Dole ka taɓa allo ka nuna mata wa za ta bi, kuma ka rage mata saurin sakin abin da ta kama. Wannan saitin yana cikin duka biyun, yara da yawa ba su taɓa buɗe shi ba.

Inda suka rabu shi ne 4K mai hoto 50 a sakan, wanda muke yi wa shigowar amarya don a mayar da shi tafiyar hawainiya. A7 IV tana yanke gefen hoto idan ka sa ta haka, gilashinka na 24 mai ɗaukar faɗi ya matse ya koma kamar 36. A ɗakunan cikin gari irin na Gangare, inda bayanka na jingine da bango, ina za ka ja da baya? R6 Mark II ta 2022 ba ta yankewa. Kada dai ka ruɗe da R6 ta farko, ta 2020, ko da an yi maka araha: tana zafi a 4K, kuma tana tsayawa dab da minti 30. Sanyin Jos zai ɗan rufa mata asiri, ka kai ta Abuja a watan Maris ka gani.

Af, kowacce ka saya, ka bar ta a hoto 25 ko 50 a sakan. Wutarmu 50 take bugawa a sakan, idan ka sa 30 ko 60 za ka iya ganin fitilun zauren biki suna rawa a hoton.

Saura gilashi, kuma nan ne kuɗi ke tafiya. Sony ta bar Sigma da Tamron suna yi mata gilasai masu sauƙin kuɗi, ga na hannu birjik. Na Canon sababbi suna da tsada. Da ba ka da komai, da Sony zan ce maka. Amma ga tsoffin gilasanmu na Canon, samfurin EF, guda uku a durowa, da adafta suna aiki lafiya lau a kan R6 Mark II, kuma na yarda ka riƙa ɗauka har ka tsaya da ƙafarka. Saboda haka ni Canon na zaɓar maka.

Kafin ka biya, ranar Asabar muna da biki a Bukuru. Zan aro maka irinta wurin wani abokin sana'a, ka ɗauki liƙin da ita daga farko har ƙarshe, mu zo mu duba a kwamfuta tare.