Yaya zan koya wa ɗalibai lissafin sau na lambobi masu alamar tarawa da masu alamar ɗebewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar lissafi ce a aji biyu na ƙaramar sakandare. Na koya wa ɗalibaina ƙa'idar cewa idan aka ninka lamba mai alamar ɗebewa da wata mai alamar ɗebewa, amsar tana fitowa da alamar tarawa, sun kuma haddace ta har suna rerawa. Amma da na ba su gwaji sai na ga da yawansu sun rubuta cewa −3 − 5 = 8, wata yarinya kuma ta tambaye ni dalilin da ya sa (−3) × (−4) yake ba da 12, na rasa amsar da zan ba ta. Ta wace hanya zan koyar da wannan darasi har su fahimta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri bisa wannan kulawa da kike yi wa ɗalibanki. Matsaloli biyun da kika ambata tushensu ɗaya ne, wato an ba yaran ƙa'ida kafin a ba su dalilinta. Yaron da ya haddace cewa "ɗebewa da ɗebewa tarawa ce" ba tare da ya san daga ina maganar ta fito ba, duk inda ya hango alamun ɗebewa guda biyu a layi ɗaya zai yi aiki da ita, ko da kuwa ba lissafin sau ake yi ba. Shawarata ita ce ki ajiye ƙa'idar zuwa ƙarshen darasi, ki bi da su hanyar da za su gano ta da kansu.

Kafin a taɓa ninkawa, ya kamata ki tabbatar sun gane cewa wannan ɗan gajeren layi da muke rubutawa yana yin aiki iri biyu. A cikin 7 − 2 umarni ne na a ɗebe biyu daga bakwai, amma a cikin −2 suna ne na wata lamba da ke zaune taki biyu ƙasa da sifili. Ki zana layin lambobi a saman allo daga −15 zuwa 15, ki bar shi a wurin har a gama wannan babi, sannan ki riƙa rubuta kowace lamba mai alamar ɗebewa a cikin baka, kamar (−4), domin ido ya saba ganinta a matsayin abu guda.

Daga nan sai ki fara da abin da suka sani tun firamare, cewa lissafin sau tarawa ce da ake maimaitawa. Idan 3 × 4 yana nufin 4 + 4 + 4, to 3 × (−4) yana nufin (−4) + (−4) + (−4), wanda a kan layin lambobi tsalle uku ne zuwa hagu, kowane tsalle taki huɗu, a sauka a kan −12. Wannan ba ya ba yara wahala. Shi ma (−4) × 3 ba ya buƙatar dogon bayani, tunda sun san cewa sauya wa lambobi wuri a lissafin sau ba ya sauya amsa, kamar yadda 5 × 6 da 6 × 5 duk 30 ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne (−3) × (−4), domin ba za a ce a tara abu sau "ƙasa da sifili da uku" ba. A nan ne ya kamata ki tsaya ki ba darasin lokacinsa. Ki rubuta waɗannan a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ki sa su faɗi amsoshin da bakinsu:

3 × (−4) = −12
2 × (−4) = −8
1 × (−4) = −4
0 × (−4) = 0

Sai ki tambaye su abin da ke faruwa da amsar duk lokacin da lambar farko ta ragu da ɗaya. Za su ga cewa daga −12 zuwa −8, zuwa −4, zuwa 0, amsar tana hawa da huɗu a kowane mataki. Kada ki gaya musu abin da ke gaba. Ki rubuta (−1) × (−4) kawai, ki ajiye allin ki jira. A kowane aji za a samu wanda zai ce 4, kuma da zarar ya faɗa sauran za su ci gaba da kansu: (−2) × (−4) = 8, (−3) × (−4) = 12. Ki maimaita wannan jeri da wata lamba, misali (−5) ko (−7), amma wannan karon su yi a littattafansu, bibbiyu ko uku-uku idan ajin cike yake.

Wannan jeri yana gamsar da mafi yawan yara, sai dai yarinyar da ta yi miki tambaya ta cancanci hujja mai ƙarfi fiye da haka, kuma hujjar ba ta fi ƙarfin ɗan aji biyu ba. Kowa ya yarda cewa 4 + (−4) = 0, kuma duk abin da aka ninka da sifili sifili ne. Saboda haka (−3) × [4 + (−4)] = 0. Idan aka buɗe bakar, aka ninka (−3) da kowace lamba da ke ciki, za a samu (−3) × 4 a haɗa da (−3) × (−4), jimillarsu kuma dole ta kasance sifili. Kashin farko mun riga mun san −12 ne. To wace lamba ce za a haɗa da −12 a samu sifili? Babu wata sai 12. Ke nan ba wani ne ya zauna ya yanke wannan hukunci don son ransa ba. Idan amsar ba 12 ba ce, ƙa'idar buɗe baka da muke aiki da ita a duk sauran lissafi za ta rushe.

Akwai wata hanyar nuna wannan da nake matuƙar so, domin yaran suna iya tabbatar da ita da jadawalin sau da suka haddace. Sun san 8 × 7 = 56. Ki rubuta takwas a matsayin (10 − 2), bakwai kuma a matsayin (10 − 3). Idan aka buɗe, 10 × 10 ya ba da 100, a ɗebe 30, a ɗebe 20, saura 50. Abin da ya rage a yi shi ne (−2) × (−3). Idan aka ce −6 ne, amsar za ta zama 44, wadda kowane yaro ya san kuskure ce. Sai an ƙara 6 ne ake kaiwa 56. Irin wannan misali ne malamin lissafin nan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya kawo a littafinsa na aljabra da ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, inda ya ninka goma ba ɗaya da goma ba ɗaya ya samu 81, ya nuna cewa abin ɗebewa idan aka ninka shi da abin ɗebewa ƙari yake zama.

Game da misalin bashi, wanda malamai da yawa ke amfani da shi, yana da kyau kuma yana da asali, domin Brahmagupta na ƙasar Indiya, wanda ya rubuta waɗannan ƙa'idoji a shekara ta 628, da dukiya da bashi ya kira lambobi masu alamar tarawa da masu alamar ɗebewa. Amma a yi hattara da yadda ake faɗarsa. Idan kika ce "bashi sau bashi riba ne", yaro mai tunani zai ƙi yarda, kuma yana da gaskiya, don ba a ninka bashi da bashi. Lamba ɗaya ce kawai bashin, ɗayar kuwa tana faɗin sau nawa aka ɗora shi ko aka sauke shi. Mutumin da ya karɓi kayan naira 500 bashi a kanti har sau uku, an rubuta masa 3 × (−500), wato −1500. Idan mai kantin ya ɗauki biro ya soke waɗannan layuka uku daga littafinsa ya ce ya yafe, an cire bashi uku ke nan, wato (−3) × (−500), kuma halin mutumin ya gyaru da naira 1500 ko da ba a danƙa masa ko kwabo a hannu ba.

Sai bayan duk wannan ne za ki nemi su tsara ƙa'idar da kalmominsu, ke kuma ki gyara musu lafazi. A ninka lambobin kamar ba su da alama, sannan a dubi alamun: idan iri ɗaya ne amsar ta ɗauki alamar tarawa, idan sun bambanta ta ɗauki alamar ɗebewa. Ki nace a kan cewa duk wanda zai faɗi ƙa'idar sai ya fara da "idan ana ninkawa", domin wannan sharaɗi shi ne ya faɗi daga hardar ɗalibanki. Idan lambobin sun fi biyu, kamar (−2) × (−3) × (−5), su haɗa alamun ɗebewa bibbiyu; idan wata ta rage ba abokiya, amsar ƙasa da sifili take, shi ya sa wannan ya ba da −30.

Dangane da kuskuren −3 − 5 = 8, maganinsa yana cikin irin aikin da kike ba su. Shafin da ke cike da lissafin sau zalla ba ya koya wa yaro bambancewa, domin ƙa'ida ɗaya yake ta maimaitawa ba tare da tunani ba. Ki gauraya tambayoyin, ki jera −3 − 5, da (−3) × (−5), da −3 + 5, da (−3) × 5 kusa da juna, ki ce kafin kowa ya rubuta amsa ya fara faɗin wane aiki ake yi. Amsoshin su ne −8, da 15, da 2, da −15. Wanda ya kuskure na farko, ki tura shi ga layin lambobin da ke saman allo ya ɗora yatsansa a kan −3, ya yi taki biyar zuwa hagu, ya karanta wa aji inda ya tsaya.

Ina roƙon kada ki yi gaggawar wuce wannan babi saboda tsoron manhaja ta bar ki a baya. Darasi biyu ko uku da za ki ƙara a nan za su rage miki wahala idan kun shiga aljabra, inda za a ce su buɗe −2(x − 5) su samu −2x + 10, kuma irin wannan aiki zai bi su har jarrabawar WAEC da NECO. Idan kun zo kan lambar da ake ninkawa da kanta, ki nuna musu tun da wuri cewa (−3)² ya ba da 9 amma −3² ya ba da −9, domin a na biyun ukun kaɗai aka ninka da kansa, alamar ɗebewar tana waje.