Agogon cikin gem da agogon bango: me ya sa ɗaya ke jira, ɗaya ke gudu?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. A da ƙwallo kawai nake bugawa a gidan gem, amma tun da na samu kwamfutar tafi-da-gidanka na koma wasannin RPG, wato waɗanda mutum ke zama jarumin labarin yana yawo yana cika aike, irin su Skyrim da The Witcher 3. Abu biyu ke ɗaure mini kai. A cikin wasan za a ce mini in yi maza, dodo zai hallaka duniya, ko kuma 'yar da nake nema tana cikin haɗari. Sai in tafi yawona, in yi ta buga kati da mutanen ƙauye, in dawo in tarar babu abin da ya faru. Da na gane haka sai daɗin labarin ya ragu. Na biyu kuma, sai in zauna bayan La'asar da niyyar yin awa ɗaya, ban ankara ba sai in ji ana kiran Isha'i. Me ya sa lokacin cikin wasan ke jira na, nawa kuma yake ɓacewa?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Duk lokacin da ka zauna gaban irin wannan wasa, agogo uku ne ke aiki: na sararin samaniyar wasan, na labarin, da wanda ke rataye a bangon ɗakinku. Na farko gudu yake yi, na biyu an ɗaure shi a ƙafarka, na uku kuwa ba ruwansa da kowa. Kuma da gangan aka gina biyun farko haka.

Fara da na sama, wato fitowar rana da faɗuwarta. A Skyrim, wanda kamfanin Bethesda ya fitar a 2011, minti 1 naka minti 20 ne a cikin wasan, don haka yini da dare sukan cika a minti 72. A Oblivion na 2006, wanda ya riga shi, minti 48 ne. A Minecraft minti 20 kacal. Dalilin wannan gudu shi ne ƙasar wasan ƙarama ce ƙwarai. Garuruwan da labari ya ce suna da nisa da juna, tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsu. Idan ka yi minti 10 kana tafiya a ƙasa a Skyrim, agogon wasan zai nuna ka yi awa 3 da minti 20, ka fito da hantsi ka isa rana ta take. Ido ya ga inuwa ta juya, zuciya ta yarda an yi tafiya. Wannan agogon ne kuma ke rufe shaguna da dare, ya tura maƙeri gida ya kwanta. Tsohuwar dabara ce, tun Ultima V na 1988 mutanen gari ke da lokacin aiki da na barci. Aikinta ado ne, kuma ado mai kyau, amma labarin ba ya kallonta.

Shi labarin mataki-mataki aka rubuta shi. Kowane aike da aka ba ka yana da lamba a ɓoye, a ce 10, 20, 30, kuma lambar ba ta motsawa sai ka taka wani wuri, ko ka yi magana da wani mutum, ko ka ɗauki wani abu. A Skyrim ɗin naka, dodannin nan masu aman wuta ba sa fara kai hari barkatai sai bayan ka je ka yi faɗan hasumiyar tsaro da ke yamma da garin Whiterun. In ka ƙi zuwa, kana iya shekara a agogon wasan, ka yi aure, ka sayi gida, sararin sama shiru. Haka Ciri, 'yar da kake nema, take a The Witcher 3 na 2015: mafarautan da ke bin ta ba sa ƙara taku ɗaya yayin da Geralt, jarumin wasan, ke zaune yana buga katin Gwent. Gemunsa dai yana tsirowa, wannan kam sun sa.

Abin da ya dame ka, ka tuna, ba tsallaken lokaci ba ne. Duk mun taso da tatsuniya, inda kaka za ta ce “ana nan, ana nan”, jariri ya zama saurayi, kuma ba wanda ya taɓa tsayar da ita ya nemi lissafin shekarun. Mai sauraro yana yafe wa labari ya yi sauri ko ya yi jinkiri. Abin da ba ya yafewa shi ne a ce masa gobara ta tashi, ya je ya yi barcinsa, ya dawo ya tarar wutar na tsaye tana jiran guga. Daga ranar ba zai ƙara yarda da ihun mai labarin ba.

To me ya hana masu shirya wasan su bar wutar ta ci? Kuɗi da tsoron masu saye. In Ciri za ta iya mutuwa saboda ka makara, dole a rubuta duk abin da zai biyo bayan mutuwarta, a ɗauki muryoyi, a zana wurare, alhali yawancin masu wasan ba za su taɓa ganin wannan reshen ba. Sannan wanda ya sayi wasa saboda an yi masa alkawarin ƙasa mai faɗi da zai yawata yadda ya ga dama, ba zai ji daɗin a sa masa bulala a baya ba. An gwada. A Fallout na farko, 1997, an ba ka kwana 150 ka nemo na'urar tace ruwa kafin mutanenku su mutu da ƙishi, kuma in kwanakin suka cika wasan ya ƙare ke nan. Kana iya biyan 'yan kasuwar ruwa su ƙara maka kwana 100. Akwai wani wa'adin na biyu, na kwana 500, wanda masu shirya wasan da kansu suka cire a gyaran da suka fitar daga baya. Ka kwatanta da Fallout 4 na 2015, inda aka sace maka ɗa, amma kana da damar ka tsaya kana kafa matsugunai da shuka masara har abin da hali ya yi.

A ganina, wasannin da suka fi warware wannan matsala su ne waɗanda suka daina auna lokaci da mintoci, suka mayar da shi abin kashewa. Dubi Persona 5, na kamfanin Atlus, wanda ya fito a Japan a 2016. Kai ɗan makarantar sakandare ne a Tokiyo, kuma wasan na tafiya bisa kalanda, daga watan Afrilu. Kowace rana kana da gurbi bayan an tashi makaranta, da wani da dare. In ka je wajen aboki, gurbin ya tafi. In ka yi karatu don jarrabawa, ko ka je aikin neman kuɗi, ko ka shiga fadar mugun da kuke yaƙa, haka nan. Ba wanda ke gaggauta ka, kana iya ajiye wasan a tsaye ka yi awa guda kana tunani. Amma kowace fada tana da ranar da dole a gama da ita, kuma rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya: in ta zo ba ka gama ba, an ci ka. A nan buga kati da abokai yana da farashi, domin yammacin da ka ba su, ka hana wani abu ne. Shi ya sa mutum ke jin watannin wasan sun wuce da gaske.

Mass Effect 2 na 2010 ya yi irin wannan sau ɗaya, kuma ya yi shi da kyau. Kusa da ƙarshe ana sace ma'aikatan jirginka. In ka bi su nan take za ka ceto su duka. In ka tsaya wasu aike-aike, za ka tarar an kashe wasu, in kuma ka daɗe sosai likitar jirgin kaɗai za ka samu da rai. Yawan aiken da ka yi ake ƙirgawa. Mutane da yawa sun saba da ihun ƙarya a wasu wasannin, suka yi jinkiri, suka sha mamaki.

Akwai kuma masu sa agogo mai gudu na gaske. Zelda: Majora's Mask na 2000, duk da ba RPG ne tsantsa ba, ba a maganar nan a tsallake shi. Wata zai faɗo wa gari cikin kwana 3, kimanin minti 54 naka, kuma kana ɗaga kai kana ganin yana ƙara girma. Kowane mutumin gari yana da inda yake a kowace sa'a, ko kana wurin ko ba ka nan. Akwai wasu masoya biyu, Anju da Kafei, da haɗa su ke cin dukan kwanakin, kuma sai a sa'o'in ƙarshe na daren na uku suke haɗuwa. Ka makara a mataki ɗaya, shi ke nan. Abin da ya sa mutane suka iya jure wannan matsi shi ne an ba ka waƙar da ke mayar da kai safiyar ranar farko, ka rasa kuɗin da ba ka kai banki ba, amma ka riƙe abin da ka sani. Wasu kuma, irin Animal Crossing, sun ɗaura wasan a kan agogon na'urarka, in dare ne a Zariya dare ne a ciki. Yana da daɗinsa, sai dai ni ban ga ya fi sa mutum nutsewa ba. Wanda ba ya samun sukuni ko wuta sai ƙarfe 11 na dare, kullum shaguna a rufe zai tarar.

Yanzu agogon bango. Ɗan Adam ba shi da wata gaɓa ta musamman mai auna lokaci kamar yadda ido ke gani. Masana halayyar ɗan Adam, cikinsu har da Dan Zakay da Richard Block a shekarun 1990, sun bayyana cewa jin tsawon lokaci yayin da yake wucewa ya dogara da yawan hankalin da ka ware masa. Mai jira a layin banki ba shi da abin yi sai kallon lokaci, minti 20 ya zame masa yini. Kai kuwa idonka na kan taswira, kunnenka na sauraron abokin gaba, kanka na lissafin takobin da za ka saya. Babu ragowar hankalin da zai ƙirga mintoci. Mihaly Csikszentmihalyi ya bayyana wannan yanayi tun 1975: idan wahalar aiki ta yi daidai da iyawar mai yin sa, ga manufa a fili, ga sakamako nan take, mutum kan manta da kansa da lokaci. Masu shirya wasanni sun san wannan sarai, kuma shi suke nema.

Ƙari a kan haka, RPG ba shi da alƙalin da zai busa tashi. A gidan gem wasan ƙwallo yana ƙarewa, ga mai shago na jiran kuɗinsa, ga wani tsaye a kanka yana jiran layi. A ɗakinka kuwa, kafin ka kai saƙon wata tsohuwa ka riga ka karɓi aike biyu a hanya. Stardew Valley na 2016 ya fi kowa wayo a nan: yininsa kimanin minti 14 ne, ba ya adana wasanka sai ka kwanta barci, kuma da ka farka ga amfanin gona ya nuna yana jiran girbi. Wa zai tashi a nan?

Wani abin lura: yammacin da ya yi maka gajarta kana ciki, gobe in ka tuna shi zai iya yi maka tsawo, domin tuna lokaci ya dogara da yawan sababbin abubuwan da suka faru a cikinsa. Awa 3 da ka ratsa garuruwa biyu da kogo za su zauna a ranka kamar tafiya. Awa 3 da ka yi kana kashe kerkeci iri ɗaya don ƙara ƙarfi kuwa, ba ka ji wucewarsu ba, ba kuma za ka tuna su ba. Waɗannan ne ni nake kira asara.

Mantuwa da lokaci ita kaɗai ba ciwo ba ce. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukanta, wanda ya fara aiki a 2022, shi ne mutum ya kasa sarrafa wasansa, ya fifita shi a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, kuma yawanci sai abin ya kai wata 12. Amma wanda ya zauna da La'asar bai farga ba sai Isha'i, ai Magariba ta wuce shi, kuma wannan ya isa a gyara. Ka yi amfani da agogon saman wasan: kwana 2 na Skyrim minti 144 ne, kusan abin da ke tsakanin idar da La'asar da Magariba a nan Zariya. In ka fara da safiyar wasan, to fitowar rana ta biyu bayan nan ita ce iyaka, ka shiga masauƙi ka adana. Ka saita ƙararrawa a waya, ka ajiye ta inda sai ka miƙe za ka kashe ta, kuma ka bar kunne ɗaya babu abin sauraro don ka ji ladan.

Game da daɗin labarin da ya ragu, ba sai ka bar Skyrim ba. Tun gyaran 2021 akwai tsarin Survival a cikin bugun Skyrim na Special Edition kyauta, wanda ke sa yunwa da gajiya da sanyi, ya kuma hana ka danna taswira ka bayyana a wani gari. Dodon zai ci gaba da jiranka, amma dare da nisa za su fara cin maka wani abu. In kuma wa'adi na gaske kake so, Fallout na 1997 yana tafiya a kusan kowace tsohuwar kwamfuta, Persona 5 Royal, bugun Persona 5 da aka faɗaɗa, kuma ya zo kwamfuta tun 2022, sai dai ka bar shi sai bayan jarrabawa, don ya kan ci sama da awa 100.